Allon Bature: Shin Shi Zai Farfaɗo da Littafin Hausa?

A 'yan shekarun nan wata magana ta yawaita a bakin wasu daga cikin 'yan uwa marubuta, musamman matasa ma'abota leƙe-leƙen intanet, cewa wai an samo maganin durƙushewar kasuwar littattafan Hausa. Maganin kuwa, in ji su, shi ne wasu manyan allunan karatu da ake ƙerawa a ƙasashen waje, waɗanda ake karanta littafi a kansu, a kuma yi rubutu da alƙalami tamkar a takarda. Da yake magana ce da ta shafi sana'armu da makomar abin da muke rubutawa, mun ga ya dace mu zuba ta a faifai mu sheƙe, mu ware tsaba da ƙaiƙayi. Za mu yi hakan ne da idon mutanen karkara, domin a nan muke zaune, a nan muke koyarwa, tsakanin Bichi da Dambatta, inda gona ke manne da gona, ƙauye na hango ƙauye. A irin waɗannan ƙauyuka ne ɗimbin masu karanta littattafanmu suke tun ba yau ba, ko da yake ba kasafai marubucin birni yake tunawa da su ba sai ranar da dillali ya kawo masa ciniki.

Da farko ya kamata mai karatu ya san mene ne wannan allo, domin wasu na ɗaukarsa kamar babbar wayar hannu ce kawai. Ba haka ba ne. Fuskar waya fitila ce da ke haska idon mutum, ita ya sa take shan batir, take kuma dushewa a cikin rana. Fuskar wannan allo kuwa da abin da ake kira tawadar lantarki aka yi ta. Wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi ne, farare da baƙaƙe, a cikin ƙananan kurtuna da ido ba ya gani. Idan aka taɓa su da lantarki sai baƙaƙen su taso sama inda ake son harafi, fararen su taso inda ake son fili. Da zarar shafi ya zauna, to, ya zauna ke nan, ba ya ƙara cin wuta sai an buɗe na gaba. Wannan ne dalilin da ya sa caji ɗaya kan kai makonni, kuma rana ba ta hana karatu, hasali ma ƙara fito da baƙi take yi. A jami'ar MIT ta Amurka aka ƙirƙiro dabarar, aka kafa kamfanin E Ink a 1997, daga baya wani kamfanin Taiwan ya saye shi a 2009. Kamfanin Sony ya fitar da allonsa a Japan a 2004, Amazon kuma ya fito da Kindle a 2007, wanda shi ya yi wa wannan kasuwa kaka-gida.

Waɗancan na farko ƙanana ne, inci 6, daidai aljihun babbar riga. Waɗanda ake ta kururutawa yanzu su ne manyan, masu inci 10 zuwa sama, masu zuwa da alƙalami. Akwai reMarkable na ƙasar Norway da ya fito a 2017, na biyunsa ya biyo baya a 2020. Akwai Kobo Elipsa na 2021, da Kindle Scribe na 2022, sai kuma jerin allunan Boox na kamfanin Onyx da ke Sin, waɗanda ke aiki da Android, wato ana iya sa musu manhajoji kamar waya. Masu tallar su na cewa allo ɗaya ya ishe ka littafi, ya ishe ka littafin rubutu, ya ishe ka jakar takardun ofis.

Ba za mu ɓoye ba, ranar da muka fara riƙe irinsa ya burge mu. Wani tsohon ɗalibinmu ne da ke karatu a waje ya zo hutu, ya biyo makaranta gaishe mu, ya ciro shi daga jaka. Muka fita da shi gindin darbejiya da tsakar rana, a watan bazara, lokacin da in ka ɗaga waya ba ka ganin komai sai fuskarka, sai ga rubutu raɗau kamar an buga a Zariya. Malamin Arabiyyarmu, dattijo ne da ba ya yabon kayan zamani da garaje, ya karɓa ya juya shi, ya ja layi biyu da alƙalamin, ya shafe, ya sake ja, sannan ya miƙa yana murmushi ya ce, "Ashe Nasara ma ya gano allo." Aka yi dariya, amma maganarsa ba ta wasa ba ce. Bahaushe ya yi ɗaruruwan shekaru yana rubutu a kan abu mai faɗi da za a wanke a sake, ba ya buƙatar wuta, ana karanta shi a rana. Duk cikin kayan lantarkin da aka kawo mana babu wanda ya yi kusa da ɗabi'ar karatunmu kamar wannan. Shafin Alƙur'ani rubutun hannu, irin na Sharu Bala Gabari, da wasullansa da adon gefensa, waya ba ta ɗaukarsa sai an yi ta ja ana matsewa, amma a fuska mai inci 10 yana zama daram. Haka takardun Ajami, haka tsofaffin takardun jarrabawa, haka shafin waƙa mai ƙwar biyar da waya ke kakkarya wa baiti. Idan aka haɗa da halin da wuta take ciki a ƙauyukanmu, inda mutum kan kai wayarsa shagon mai caji ya biya kullum, sai ka ce ai don mu aka yi shi.

To amma ba don mu aka yi shi ba, kuma farashinsa ne ya fara faɗa mana haka. Kindle Scribe ya fito a kan kimanin dala 340 a 2022, reMarkable na biyu kuwa a kan dala 399. A 2024 dala ta haura naira 1,500, a shekarar ce kuma aka tsayar da mafi ƙarancin albashi a kan naira 70,000. Mai karatu ya yi lissafi da kansa: allo ɗaya ya tasam ma rabin miliyan kafin a sa kuɗin dako, wato albashin ƙaramin ma'aikaci na wata bakwai ba ci ba sha. Manomin da ke neman kuɗin buhun taki da damina, ko matar auren da ke tara ribar ƙuli-ƙuli don kayan ɗakin 'yarta, wa zai tunkare su da wannan zance? Masu ƙera shi ba su yi kuskure ba, sun san wanda suke nema: lauya, da malamin jami'a, da ma'aikacin ofis da takardu suka yi wa yawa, wanda kuma ya riga ya mallaki waya da kwamfuta, yana neman abu na uku da zai raba shi da hayaniyar biyun farko. Wato magani ne na cutar ƙoshi. Mu kuwa tamu cutar daban ce. Ga shi kuma fuskarsa ba ta jure faɗuwa, in ta tsage babu mai gyara a kasuwar ƙauye, alhali wayar da ta fashe yaro zai canja mata gilashi kafin ka gama cinikin akuya. Wasu irinsa ma, kamar reMarkable na biyu, ba su da fitila, da dare sai ka nemo tocila kamar yadda za ka yi wa littafin takarda.

Da a ce matsalar kuɗi ce kaɗai da sai mu ce a yi haƙuri, kayan lantarki kan yi araha in sun kwana biyu. Abin da ya fi damun mu shi ne tsarin cinikin da ke bayan allon, domin ya saɓa wa hanyar da littafin Hausa ya bi ya rayu. Mu tuna baya kaɗan. Littattafan gasar 1933, su Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar, hukuma ce ta buga su, makaranta ta raba su. Haka aka ci gaba zamanin NORLA, da kamfanin NNPC da aka kafa a 1966. Amma tun daga Rabin Raina na Talatu Wada Ahmed a 1984, zuwa Budurwar Zuciya na Balaraba Ramat Yakubu, da In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, marubuci ne ya ɗauki nauyin kansa, kasuwa kuma ta ɗauki nauyin rabawa. Mu da muka yi sakandare a wancan zamani mun ga yadda abin yake a ƙauye. Mutum ɗaya zai shiga Kano ya sayo, littafin ya shiga hannun mai haya, daga nan ya shiga gidaje. Amarya ta karanta ta miƙa wa uwargida, uwargida ta aika wa ƙanwarta a ƙauyen gaba, wadda ta yi boko ta karanta a bayyane waɗanda ba su yi ba suna saurare bayan sallar isha'i. Kafin ya dawo bangon ya fita, an ɗinke shi da zare, wani lokaci shafin ƙarshe ya ɓata sai a ba ka labarin yadda aka ƙare da baki. Marubuci bai ci kuɗin duk waɗannan idanu ba, gaskiya ne, amma su suka yi masa suna, sunan kuma shi ya sayar da littafinsa na gaba.

Shi kuwa littafin da aka saya a manyan kantunan intanet, galibi a kulle yake da sunan mai saye. Ba ka ba da aronsa yadda ka ga dama, ba ka sayar da shi in ka gama, ba ya shiga gado. A haƙiƙa izinin karatu ka saya, littafin na hannun mai kanti. A 2009 kamfanin Amazon ya goge wasu littattafan George Orwell daga allunan mutanen da suka riga suka biya, saboda rikicin haƙƙin mallaka, ya mayar musu da kuɗinsu, daga baya ya nemi afuwa. A 2019 Microsoft ya rufe kantinsa na littattafai, abin da mutane suka saya ya daina buɗuwa. Ba sai mun je nesa ba. OkadaBooks, wanda Okechukwu Ofili ya kafa a 2013, ya zama matattarar marubutan Hausa da dama, musamman mata, har wasu suka fara ganin ɗan abin sayen sabulu daga rubutunsu. A ƙarshen Nuwamba 2023 aka rufe shi. Duk marubucin da ya mayar da shi rumbunsa, bai ajiye nasa kwafin ba, shi ya san abin da ya gani. Littafin takarda gara ce kawai ke cin sa, ita kuwa gara a hankali take ci, tana ba ka lokacin ka ankara.

Yanzu bari mu juyo kan namu laifin, domin nan ne ainihin inda muke son 'yan uwa su tsaya. Mu ƙaddara cewa gobe an wayi gari kowace makarantar sakandare daga Ungogo zuwa Kunchi ta sami waɗannan alluna kyauta. Me za mu zuba a ciki?

Kowane mazubi yana da irin rubutun da yake haifarwa. Tsadar takarda ce ta sa littattafan shekarun 1990 suka zama 'yan sirara, kashi na ɗaya da na biyu da na uku, kowanne yana yankewa a daidai inda zuciyar mai karatu ta rataya. Manazarta sun yi ta ce-ce-ku-ce a kansu, Ibrahim Malumfashi ya laƙaba musu Adabin Kasuwar Kano yana ganin ba za su yi ƙarko ba, su Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu suka tsaya musu. Amma ko mafi rauni daga cikinsu yana da wani linzami, wato kuɗin bugu. Kowane shafi kuɗi ne, don haka tilas marubuci ya yi tunani kafin ya ƙara. Da rubutu ya koma waya, ya koma WhatsApp da Facebook da Wattpad, sai linzamin ya tsinke. Marubuciya na bugawa da babban yatsa da dare, ta saki da safe, masu karatu su yi caa suna neman ci gaba, wasu ma suna gaya mata wanda suke so jaruma ta aura. Tun da kuɗin yana zuwa ne gwargwadon yadda aka riƙe mutane, sai labarin da ya isa ya ƙare a babi ashirin a ja shi zuwa ɗari. A nan ne za ka ga an ɓata shafi uku ana kwatanta ɗakin Hajiya, da labule da kujeru da sunan turare, an ɓata wasu biyu a kan girkin da amarya ta yi, alhali dalilin da ya sa miji ya juya mata baya an ba shi layi ɗaya. Za ka ga tauraron da aka ce marowaci ne a farko ya zama mai kyauta a tsakiya ba tare da wani abu ya same shi ba, don kawai marubuciya ta manta, ba ta kuma da hanyar komawa ta gyara abin da ya riga ya yaɗu.

Ba muna cewa babu gwanaye a cikinsu ba. Akwai, kuma wasunsu sun fi na da ƙarfin hali wajen taɓo abin da ke ci wa mata tuwo a ƙwarya. Gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 ta nuna cewa idan aka ƙayyade wa waɗannan marubuta adadin kalmomi, aka ce alƙalai za su duba, sukan fito da abin a zo a gani. Wato basira tana nan, sarari ne ya yi mata yawa.

Sai batun ƙa'idar rubutu, wanda mu malamai muke kwana da shi muke tashi da shi. Haruffa masu lanƙwasa sun zauna a rubutun Hausa tun shekarun 1930, an yi taro a Bamako a 1966, an sake yi a Yamai a 1980, duk don a daidaita mana hannu. Yau ga shi ana rubuta littafi sukutum babu ƙ babu ɗ babu ɓ. Mai karatu shi zai yi ta canka ko fada ake nufi ko faɗa, ko baki ko baƙi, ko kare ko ƙare. Ana haɗe kalmomin da ya kamata a raba, ana raba na haɗewa, jimla ta fara da Hausa ta ƙare da Ingilishi ba gaira ba dalili, a maimakon a nuna baƙin cikin jaruma da magana sai a jera 'yan hotunan fuska masu hawaye. Wannan ba a waya ya tsaya ba. Muna ganinsa a takardun insha'in ɗalibanmu, 'yan aji shida, masu shirin rubuta jarrabawar Hausa. Ƙaramar fuskar waya tana rufa wa irin wannan rubutu asiri, domin layi biyar kake gani lokaci ɗaya, yatsa na gudu, ido bai zauna ba. Amma a shimfiɗa shi a fili mai faɗin littafin makaranta, fari tas, babu abin da ke motsi, to, kowane gurgun sakin layi sai ya fito fili. Wannan allo da ake cewa zai cece mu, shi zai fara tona mu.

A tamu fahimtar, in akwai wanda wannan na'ura za ta yi wa rana a duniyar adabinmu, to, ba mai karatu ba ne, mai tace rubutu ne. Amfaninta mafi girma shi ne a ɗora rubutun wani a kai, a bi shi da alƙalami layi-layi, a kewaye, a soke, a rubuta a gefe cewa wannan babin bai da aiki. Sai dai kash, wannan mutum, wato edita, shi ne ya ɓace daga cikinmu. Abubakar Imam da kansa ya zauna da Rupert East a Zariya ana bi ana gyarawa kafin Magana Jari Ce ya fito. In har irin su Imam sun miƙa rubutunsu an duba, mu su wa? Aikin nan kuma ba sai da allon rabin miliyan ba, jan biro na naira ɗari ya isa, in dai akwai mai riƙe shi da kuma marubucin da zai jure ganin jan.

Waɗanda ke cewa gwamnati ko ƙungiyoyin agaji za su sayo su raba, su dubi waɗanda suka riga mu. Ƙungiyar Worldreader ta fara raba Kindle a makarantun Ghana a 2010, amma ba a daɗe ba ta karkata ga wayar hannu, domin ita ce ke hannun mutane. Jihar Osun ta raba wa ɗaliban sakandare nata allunan, Opon Imo, a 2013, da gagarumin biki, yau ba a cika jin ɗuriyarsu ba. Raba na'ura aikin yini ɗaya ne, a ɗauki hoto a watse. Wanda zai gyara ta, da wanda zai zuba mata sabon abu shekara bayan shekara, shi ne ba a yi wa kasafi. A halin da ake ciki ma, da yawa daga matan ƙauyukanmu sun koma sauraron littafi da kunne, ana karantawa a rediyo, ko a tura musu murya a katin waya wurin masu tura finafinai, suna ji suna surfe. Wannan ya fi kama da karatun bayan isha'i na da fiye da kowane allo, kuma ya cancanci nasa nazarin daban.

Akwai dai aiki guda da zancen allon nan ya tuna mana, wanda bai kamata ya jira saukar farashi ba. Dubban littattafan da aka buga daga tsakiyar shekarun 1980 zuwa farkon wannan ƙarni, a kan takarda marar ƙwari aka buga su, yawancinsu ba su shiga kowane ɗakin karatu ba, maɗaba'un da suka buga su wasu sun rufe, marubutan wasu sun riga mu gidan gaskiya. Abin da ya rage yana cikin akwatunan ƙarfe da ƙarƙashin gadajen mata a garuruwa irin namu. A watan jiya wata tsohuwar mai ba da haya a unguwarmu ta buɗe mana nata akwatin, muka ƙirga littattafai sama da ɗari biyu, kusan kashi ɗaya cikin uku gara ta riga ta shiga. Muna ba ƙungiya shawara ta sa kowane reshe ya tattaro irin waɗannan, a ɗauki hotonsu shafi-shafi, a sake buga waɗanda suka cancanta da haruffa masu lanƙwasa, a ajiye su a fayil marar kulle wanda kowace na'ura za ta buɗe, waya ce ko allo ko wadda ba a ƙirƙiro ba tukuna, bisa yardar marubutan ko magadansu, tare da rubutacciyar yarjejeniya kan rabon abin da aka samu. A ajiye kwafi a wuri fiye da ɗaya, ciki har da jami'o'inmu. Mu a nan mun fara da wayar wani malamin lissafi da fitilar sola, mun gama goma sha huɗu. Mai akwatin ta ce ta ba mu zuwa faɗuwar ruwan farko, domin ɗakin yana yoyo, in ba mu gama ba za ta sayar wa mai ƙosai.